Lamba 7 Ba Ta Isa Shaida Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu wasan golf, daga filin Kano da na Kaduna har Rayfield na Jos: idan sandarka mai lamba 7 ta karye ko ta ɓace, ka nemo wata mai lamba 7 ka jefa a jaka, in ka dace da ta kamfani ɗaya kuwa magana ta ƙare. Masu faɗin haka sun san wasa, da yawansu ma sun riga mu shiga fili, kuma a zamanin da suka fara maganar tana kusa da gaskiya. Sandunan ne suka canja.

Hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin wasan, sun hana ɗan wasa ɗaukar fiye da sanda 14, amma ba su taɓa cewa lamba kaza sai kwanciya kaza ba. Kwanciyar fuskar sanda, wadda 'yan wasa ke kira lof, ita ke yanke yadda ƙwallo zai tashi sama da nisan da zai ci. Lamba 7 ta da takan kai digiri 35 ko 36. Da yawa daga waɗanda ake ƙera wa masu koyo yanzu suna tsakanin 28 da 30, domin kamfanoni sun yi ta miƙar da fuskar don mai saye ya ga ƙwallonsa ya ƙara nisa. Idan ka sa irin wannan a cikin tsohon saiti, ka sayi lamba 5 ko 6 ne da tambarin 7. Sanduna biyu za su riƙa kai ƙwallo wuri ɗaya, sannan tsakanin sabuwar da lamba 8 a sami giɓin da ba ka da abin cike shi. A saiti mai tsari, kusan digiri 4 ne ke raba sanda da maƙwabciyarta, wato yadi 10 zuwa 15.

Sunan kamfani ma ba ya fid da kai. Titleist ya fitar da saitin T100 da na T300 a lokaci guda: lamba 7 ta farkon digiri 34, ta biyun 29. Uwa ɗaya uba ɗaya, hali daban.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙota, domin ita aka fi rainawa. Ƙotar ƙarfe irin Dynamic Gold tana kusan giram 130, ta garafait kuwa ana samun mai rabin haka. Hannun da ya saba da nauyi ɗaya a sanduna bakwai, in ya ɗauki ta takwas mara nauyi, zai sauko da ita kafin lokaci, mai ita kuma ya yi ta zargin kansa. Haruffan R da S da ke nuna taurin ƙota su ma ba ma'auni ɗaya ba ne, S ɗin wani kamfani na iya zama R ɗin wani. Ga tsayi, rabin inci ne tsakanin kowace lamba da ta kusa da ita. Ga kuma yadda kan sanda ke zama a ƙasa: in hancinsa ya ɗaga, ƙwallon mai bugu da dama zai karkata hagu ko da bugun ya yi kyau. Shi ya sa kamfanin Ping ke sa ɗigon launi a kan sandunansa don nuna irin wannan zaman.

Na yarda akwai inda tsohuwar maganar ke da ƙarfi. Direba (sandar bugun nesa) da fota (ta tura ƙwallo rami) ba sa cikin wannan jeri, kowanne ana iya zaɓensa shi kaɗai, daga kowane kamfani. Na kuma san cewa a nan sanduna daga waje suke zuwa, yawanci na hannu, kuma samun guda ɗaya tak daga saitin da aka daina ƙerawa ba wasa ba ne.

Duk da haka awo ba ya cin kuɗin sanda. Ka kai lamba 6 da lamba 8 wurin mai gyara ya auna lof ɗinsu, da tsayi, da nauyi, ya karanta rubutun jikin ƙota, sannan ka nemi wadda ta faɗa tsakaninsu ko wace lamba aka buga mata. Idan kan na ƙarfe mai laushi ne, ana iya lanƙwasa shi digiri ɗaya ko biyu ya daidaita. In kuwa ƙotar ce kawai ta karye, kada ka yar da kan: a sa masa sabuwa irin ta sauran, a yanke ta daidai tsayi, a sa mariƙi mai kauri ɗaya da nasu.