Fatalwar Silimar Japan: Abin Da Ya Sa Kashi Na Biyu Ba Ya Kai Na Farko

A cikin watan Satumba na 2011 wata jita-jita ta game ƙasar nan, wai akwai wata lamba mai alƙaluma biyar, 09141, wadda duk mutumin da ta kira ya kuskura ya amsa, to kwanansa ya ƙare. Saƙon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, uba ya aika wa ɗa, ɗa ya aika wa aboki, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke unguwar Maitama a Abuja, ta fito ta shaida wa jama'a cewa babu yadda za a yi kiran waya ya kashe mutum. Ba a nan aka fara ba, gama an yi irin wannan firgita a 2004, lokacin da wayar hannu ke baƙuwa a hannun yawancin mutane.

Abin da ya zo wa mutanen Nijeriya a jita-jita, masu shirya fim na ƙasar Japan sun daɗe da mai da shi sana'a. A ƙarshen 2003 darakta Takashi Miike ya fito da “Chakushin Ari”, labarin wasu matasa da saƙon murya ke shigo wa daga lambarsu ta kansu, in sun saurara sai su ji kukan mutuwarsu tare da ranar da za ta auku. Kafin shi akwai “Ringu” da “Ju-On”, waɗanda suka kai sunan Japan ko'ina a duniya a fagen fim ɗin ban tsoro. Kowane ɗayansu an yi masa na biyu da na uku, wani ma har an ƙosa da ƙirga. To amma da wuya a sami mai kallon da zai ce na baya sun kai na farko. Dalilin haka ya cancanci a duba shi, musamman da yake masu shirya fim na ƙasar nan, daga Kano har Legas, su ma sun rungumi al'adar ja wa labari wutsiya.

ASALIN FATALWAR

Mace mai farin tufafi da dogon baƙin gashi da ya rufe mata fuska ba silima ce ta ƙago ta ba. A cikin tatsuniyoyin Japan akwai abin da suke kira “onryo”, watau kurwar wanda aka kashe bisa zalunci, wadda a imaninsu na gargajiya takan dawo neman fansa. Farin tufafin shi ne likkafanin da suke yi wa mamaci. Tun a 1825 aka nuna wasan kwaikwayon “Yotsuya Kaidan”, labarin Oiwa, matar da mijinta ya ci amanarta aka ba ta guba. Akwai kuma labarin Okiku, baranyar da aka yi wa ƙazafin ɓatar da faranti aka jefa ta rijiya. Kusan kullum mace ce, kuma kusan kullum wanda ta amince da shi ne ya cuce ta.

Daga wannan tushe marubuci Koji Suzuki ya rubuta littafin “Ringu” a 1991, darakta Hideo Nakata kuma ya mai da shi fim a watan Janairu na 1998. Labarin wata 'yar jarida ce, Reiko, da ke bin diddigin wani kaset ɗin bidiyo wanda duk wanda ya kalle shi zai mutu bayan kwana bakwai. Ta kalla, tsohon mijinta Ryuji ya kalla, sa'an nan ɗansu ƙarami shi ma ya kalla. Bincike ya kai su ga wata yarinya mai suna Sadako, wadda aka jefa rijiya aka rufe. Suka gano rijiyar, suka fito da ƙasusuwanta, suka ɗauka magana ta ƙare.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da ya ɓoye. Babu jini a cikinsa sai abin da ba a rasa ba, kuma mai kallo zai shafe fiye da sa'a guda yana jiran abin da bai san kamarsa ba. Sai a ƙarshe Sadako ta rarrafo daga cikin akwatin talabijin ta nufi Ryuji, kuma ko a nan ba a nuna fuskarta ba sai ido ɗaya tak ta tsakanin gashi. Daɗin daɗawa, Reiko ta gane cewa abin da ya cece ta shi ne ta kwafi kaset ɗin ta nuna wa wani. Fim ɗin ya ƙare tana tuƙi zuwa gidan mahaifinta, domin ɗanta ya tsira ta hanyar miƙa wa kakansa masifar. Mai kallo zai tashi da tambayar da za ta bi shi har gida: in shi ne, wa zai ba kaset ɗin?

INDA NA BIYU YA YI TUNTUƁE

Wani abin mamaki shi ne, a rana guda aka saki “Ringu” da ci gabansa, “Rasen”, wanda Joji Iida ya ba da umarni, ana nuna su a jere. “Rasen” ya bi littafin Suzuki na biyu, inda wani likita mai binciken gawa ya gano cewa la'anar kaset ɗin wata ƙwayar cuta ce mai dangantaka da agana. Jama'a suka karɓi na farko hannu biyu-biyu, suka juya wa na biyun baya. Da ma abin da ya firgita su shi ne rashin sanin kan al'amarin. Da aka kai fatalwa ɗakin gwaje-gwaje aka sa mata madubin likita, sai ta koma ciwo, ciwo kuwa ana sa ran samun maganinsa.

Ganin haka kamfanin ya kira Nakata ya shirya wani sabon ci gaba, “Ringu 2”, a 1999, aka yi kamar ba a taɓa yin “Rasen” ba. Wannan ya fi na farko kawo kuɗi, domin sunan ya riga ya yi kasuwa. Yana da wuraren da ke tayar da tsigar jiki, alal misali inda binciken gawa ya nuna Sadako ta yi kusan shekara talatin da rai a cikin rijiya. Amma shi ma ya faɗa ramin bayani: likitoci da na'urori da gwajin yadda za a tsotse fushin fatalwa a zuba shi cikin ruwa. A 2000 aka yi “Ringu 0”, na darakta Norio Tsuruta, wanda ya koma baya ya nuna Sadako tana budurwa mai kunya a cikin wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo. Fim ne mai taɓa zuciya, wasu ma sun fi son sa a cikin duk na bayan, sai dai tausayi yake jawowa. Wanda aka zauna aka ji tarihinsa aka zubar masa da hawaye, da wuya a sake gudunsa.

Daga nan sai abin ya zama na kasuwa tsantsa. A 2012 aka yi “Sadako 3D”, wanda ake kallo da tabarau na musamman, aka maye gurbin kaset da bidiyon intanet, aka kuma cika fim ɗin da dodanni masu yawa da kwamfuta ta zana. A wannan shekara, don tallan fim ɗin, har filin wasan besbol aka kai wata sanye da kayan Sadako ta jefa ƙwallon buɗe wasa, 'yan kallo suna dariya. A 2016 aka haɗa ta faɗa da fatalwar “Ju-On” a fim ɗin “Sadako vs. Kayako”, kamar 'yan dambe biyu a fage. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.

LABARIN GIDAN SAEKI

Tarihin “Ju-On” ya ɗan bambanta, kuma ya nuna cewa ba kowane na baya ne ke gazawa ba. Takashi Shimizu ya fara shi a 2000 da kuɗi kaɗan, ba a ma kai shi silima ba, kai tsaye aka sayar da shi a bidiyo. Labarin Kayako ne, matar da mijinta Takeo Saeki ya kashe saboda kishi, aka rasa ɗansu Toshio shi ma, gidan nasu da ke Tokyo ya zama tarko ga duk wanda ya taka ƙofarsa. Na biyunsa, wanda ya fito a shekarar, kusan rabin sa'a na farkonsa maimaicin na ɗaya ne. Wanda ya taɓa sayen kaset na biyu na fim ɗin Hausa a zamanin bidiyo, ya tarar an cinye masa lokaci da tuna baya da tallace-tallace, ya san irin wannan takaici.

Amma na ukun, “Ju-On: The Grudge”, wanda aka shirya don silima a 2002, shi ne ya yi fice a duniya, har mutane da yawa suka ɗauka shi ne na farko. Abin da ya taimake shi shi ne Shimizu bai tsaya yi wa kowa bayani ba. Ya bar la'anar yadda take, ba ta da magani, ba ta kuma bambanta mai laifi da marar laifi, ya ƙara mata wuraren da mutum ke zaton mafaka ne, kamar ƙarƙashin bargo da ɗakin wanka. Sai dai shi ma daga baya an yi ta tatsarsa. Amurkawa suka sake shirya shi a 2004, kamar yadda suka yi wa “Ringu” a 2002, kowanne kuma aka yi masa nasa na biyu da na uku, tsoron yana raguwa. “Chakushin Ari” ma haka ya bi, da na biyu a 2005 da na ƙarshe a 2006.

In an tattara, abubuwa uku ne ke karya kashi na biyu. Na ɗaya, mai kallo ya riga ya san dokar wasan, ya san kwana nawa ne, ya san ta inda za ta fito. Na biyu, marubuci yakan ga ba shi da abin ƙarawa sai bayani, bayani kuwa fitila ce, tsoro kuma ɗan duhu ne. Na uku, na farko yakan fito ne daga wata damuwa ta zamaninsa, kamar yadda “Ringu” ya fito lokacin da kaset ke yawo hannu zuwa hannu ba a san asalinsa ba, alhali na biyu yakan fito ne daga littafin ciniki.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR NAN

Nijeriya tana da tata matar mai farin tufafi. A 1992 Kenneth Nnebue ya shirya “Living in Bondage” da harshen Ibo, fim ɗin da ake ɗauka shi ya buɗe kasuwar fina-finan bidiyo ta kudu. Andy Okeke, wanda Kenneth Okonkwo ya fito a matsayinsa, ya ba da matarsa Merit ga 'yan ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, ita kuwa fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace. Merit da Oiwa da Kayako duk labarinsu ɗaya ne: amanar aure da aka ci. An yi masa na biyu a 1993 don ƙarasa labarin, sa'an nan aka bar shi ya huta.

Sai a watan Nuwamba na 2019, bayan shekara ashirin da bakwai da fitowar na farko, Ramsey Nouah ya ba da umarnin ci gabansa, “Living in Bondage: Breaking Free”, wanda aka nuna a gidajen silima na Abuja da Legas da sauran manyan birane. Maimakon a sake fito da fatalwar Merit tana bin lungu, sai aka ɗauko ɗan Andy, Nnamdi, saurayi mai gaggawar yin arziki a Legas ta yau, inda 'yan asirin suka koma masu kwat da jiragen sama. Fim ɗin ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin kyaututtukan Africa Magic na 2020. Ko da yake ya fi karkata ga ban al'ajabi fiye da ban tsoro, ya yi abin da yawancin na Japan suka kasa, watau ya nemo sabon abin da ke damun sabon zamani.

A arewa kuwa, masu shirya fina-finan Hausa sun tashi daga na ɗaya da na biyu na zamanin kaset sun koma masu dogon zango a talabijin da YouTube, irin su “Daɗin Kowa” da “Labarina” da “Izzar So”. Labarin soyayya da rikicin gida yana iya jure tsawo, domin kullum akwai sabuwar rigima. Labarin aljanu da mayu da 'yan ruwa, wanda ƙasar Hausa ke da shi jibge a tatsuniya da hirar dare, ba ya jure haka. Dodon da ya fito mako-mako har zango biyar, yara ma za su riƙa kwaikwayon tafiyarsa a tsakar gida.

Akwai kuma maganar hukuma. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, mai hedkwata a Abuja, ta ba da sanarwar ƙa'idojin da suka hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi a cikin fim. Mai shirya fim ɗin ban tsoro yana iya ganin wannan a matsayin takunkumi, amma tarihin “Ringu” ya nuna cewa ba sai an nuna wuƙa da ƙwarya cike da jini ake razana mutane ba. Rijiya ɗaya da ido ɗaya sun isa.

Saboda haka ya kamata mai shirya fim, kafin ya sa hannu a takardar yin kashi na biyu, ya tambayi kansa ko akwai sauran abin da labarin bai faɗa ba, ko kuwa ciniki ne kawai bai ƙare ba. Mai kallo kuma, ko a silimar Jabi zai yanki tikiti, ko a Kasuwar Wuse za a tura masa a waya, in ya ga jerin fina-finan Sadako ko na Kayako, zai fi cin ribar kuɗinsa in ya fara da “Ringu” na 1998 da “Ju-On” na 2002, sa'an nan ya duba ko yana da bukatar sauran.