Kaza A Kasko: Abincin Daren Ma'aikatan Abuja

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja cikin 1991, ma'aikata da yawa a Nyanya da Kubwa suke kwana. Saboda cunkoson motoci, uwargida mai aikin ofis ba ta isa gida sai bayan magariba, ga yara da yunwa, ba lokacin tuƙa tuwo.

To, sai kasko. Takan yayyanka naman kazar turawa, ta soya da albasa da attarugu, ta zuba karas da kabeji. Rabin awa ya nuna. Mai hali kan ƙara zaitun na kwalba, amma ta rage gishiri, don cikin ruwan gishiri yake zuwa. Kazar Hausa kuwa, mai taurin nama, sai ran Asabar.