Gubar dalma: Hanyoyin da take bi ta shiga gidajen Sakkwato

A watan Afrilun 2024, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta sanar da ɓullar wata baƙuwar cuta a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato. Yawancin waɗanda suka kamu yara ne, masu fama da kumburin ciki da zazzaɓi da amai da rama. Gwajin farko ya nuna akwai dalma a jinin wasu daga cikinsu, abin da ya tuno wa mutane masifar maƙwabciyarsu Zamfara.

A can, a shekarar 2010, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Aƙalla yara 400 ne suka rasu. Ba a ramin haƙar zinare suka gamu da gubar ba. Iyayensu ne ke ɗauko duwatsun zuwa gida, a daka a niƙa a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasar da jarirai ke rarrafe, ta shiga kwano da tabarma. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar, jiya i yau.

Babu mahaƙar zinare a cikin birnin Shehu, amma hanyar da gubar ke bi iri ɗaya ce: daga ƙura zuwa hannu, daga hannu zuwa baki.

Wanda ya fi kusa da jariri shi ne kwalli. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu, galibinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Illar ba ta tsaya a ido ba. Jariri na murza ido ya kai yatsa baki, kuma ana sa masa kusan kullum tun daga kwanakin jego. Wannan ne mafi wuyar faɗa, don kuwa kaka ce ke sa shi, da ƙauna da niyyar gyara ido.

Sai tukunyar da maƙera ke zubawa daga tarkacen alminiyam. Abin da aka narka shi ke fitowa a tukunya, kuma a cikin tarkacen akan samu sassan injin mota da ragowar ƙarafa masu dalma. Binciken da aka yi a Kamaru kan irin waɗannan tukwane ya nuna dalma na narkewa cikin girki, musamman mai tsami. A nan kuwa tsamiya da yakuwa da tumatir ba sa rabuwa da murhu.

Batirin mota da na sola ma cike suke da dalma. Mai fasa su ko narka su a bayan shago yana komawa gida da ƙurar a riga da takalmi da gashin kai, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka. Tsohon fenti da ke ɓarewa daga ƙofa da taga yana cikin lissafin. An daina sa dalma a man fetur a Nijeriya tun farkon shekarun 2000, sai dai wadda ta riga ta sauka a ƙasar bakin titi ba ta ruɓewa, iskar hunturu kuma ba ta barin ƙura ta kwanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa. Jikin yaro na tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa, ya fi haka idan yana da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki. Tana taruwa a ƙashi, ta fito lokacin goyon ciki ta kai ga ɗan tayi. Yawanci ba ta nuna alama: yaro ne kawai zai taso karatu na ba shi wuya, a ce masa daƙiƙi. A 2020 UNICEF ta ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya na ɗauke da ita fiye da kima.

Gwajin jini kaɗai ke tabbatar da ita. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun iyaye shi ne wanke hannun yara kafin cin abinci, yayyafa ruwa kafin shara, barin kayan aiki a wurin aiki, da raba jariri da kwallin dutse. Jiƙon tsamiya da zoɓo kuma kada su kwana a tukunyar zubi.