Kabewa ta yi fure, ina 'ya'yan?

Duk damina ana jin wannan koke daga masu shuka kabewa a tsakar gida ko a garka: ta yi yaɗo har ta haye danga, ganye shar, ga furanni rawaya, amma sai su yi ta zubewa babu ɗa ko ɗaya. Wani ya ce irin ne ba shi da kyau, wani ya ƙara mata taki. Galibi kuwa lafiyarta lau.

Kabewa na fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Maza ne ke fara fitowa, sukan riga matan da mako ɗaya zuwa biyu. Aikin namiji shi ne samar da garin nan rawaya da ke cikinsa, daga nan ya yanƙwane ya faɗi. Bambanta su ba wuya. Ka ɗaga furen ka dubi gindinsa: namiji na tsaye a kan siririn kara mai tsawo, mace kuwa tana ɗauke da ɗan ƙulli kore a ƙarƙashinta, wanda shi ne kabewar da ake jira.

Ƙullin ba zai girma ba sai garin namiji ya isa cikin macen. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙudan zuma. Lokacin kuma kaɗan ne, domin furen kan buɗe da sassafe, kafin azahar ya rufe, ba ya sake buɗewa. Idan zuma ba ta zo ba a wannan safiya, ƙullin zai yi rawaya ya ruɓe.

Shi ya sa feshin maganin ƙwari da hantsi ke ba ni takaici. Mai feshin yana ganin kare shukarsa yake yi, alhali masu yi masa aikin yake kashewa. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma liƙis, bayan furanni sun rufe. Yawan takin yuriya ma na jawo ganye ya yi ta bunƙasa, 'ya'ya su yi jinkiri, haka nan tsananin zafi kan sa furanni maza su rinjayi mata. 

A unguwannin birni inda zuma ta yi ƙaranci, mutum na iya yin aikin da hannunsa. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, ka tsinko fure namiji da ya buɗe a ranar, ka cire ganyayen furen, ka goga tsinken da ke tsakiya a cikin macen a hankali har garin ya manne. Namiji ɗaya kan wadatar da mata biyu ko uku. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ƙullin ya fara kumbura.