A Tanadi Kuɗin Aiki Kafin a Kafa Harsashi

A shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye. Shekara goma bayan nan, matafiya na nan suna ratsa ƙura da ramuka tsakanin Wudil da Azare da Potiskum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An jingina aikin ga kasafin shekara-shekara, inda ma'aikatar ayyuka ke yayyafa 'yan kuɗi kaɗan a kan ɗaruruwan hanyoyi don kowane ɗan majalisa ya ga sunan mazaɓarsa a takarda, kuma ko kaɗan ɗin ba lalle a sake shi duka ba. Ɗan kwangila ya yi wata uku ya kwashe motocinsa, damina ta wanke cikon da aka yi, farashin siminti da kwalta ya tashi, a dawo a sake lissafi. Ra'ayina shi ne, babban aiki irin wannan bai kamata a fara shi ba sai an san inda kuɗinsa zai fito tun daga tubalin farko har ranar buɗewa.

Ayyukan da suka kammalu su ne shaida. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an fara shi a 2011 aka buɗe a 2016, domin rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China an ɗaure shi ne ga wannan aikin kaɗai, ba mai iya karkatar da shi zuwa albashi. Tashar lantarki ta Zungeru a jihar Neja, mai megawat 700, ita ma da irin wannan rance ta tsaya da ƙafarta. Shi kansa titin Maiduguri bai farfaɗo sosai ba sai da aka fara sayar da takardun Sukuk a 2017, naira biliyan 100 a karon farko, aka ware su ga hanyoyi 25 da aka ambata da suna. Tashar lantarki ta Mambilla kuwa, a jihar Taraba, an sa hannu kan kwangilar kusan dala biliyan 5.8 a 2017, amma rance ya maƙale saboda taƙaddamar shari'a a kan wata tsohuwar kwangila, aikin bai tashi ba.

Masu tsoron bashi suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Rancen dala da dala ake biyansa, alhali fasinjan jirgin Abuja zuwa Kaduna da naira yake sayen tikiti. Da darajar naira ta faɗi a 2023, nauyin ya ƙaru ba tare da an ƙara ko taku ɗaya na dogo ba. Sai dai wannan hujja tana nuna ne a rage yawan ayyuka, a zaɓi waɗanda za su rage kuɗin dakon hatsi ko su kunna masana'antu, a fifita rancen naira inda zai yiwu. Aikin da aka yasar a rabi shi ma bashi ne, sai dai ba ya haifar da komai.

Wasu kuma na cewa a bar wa 'yan kasuwa su gina su karɓi kuɗin wucewa. Legas ta gwada haka a titin Lekki zuwa Epe, inda motoci ke da yawa ƙwarai, amma a 2013 gwamnatin jihar ta sayi yarjejeniyar ta dawo da titin hannunta. In haka ta faru a Lekki, wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa a hanyar Damaturu?

Doka ma ba a rasa ta ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta hana a ƙulla kwangila sai hukuma ta tabbatar akwai kuɗin biya. Majalisar da ta yi dokar ita ce ke cusa sababbin ayyuka a kasafi kowace shekara, ita ce kuma za ta iya ƙin amincewa da sabon harsashi har sai an biya tsofaffin.