Duwatsu masu aman wuta: daga Madina zuwa Tafkin Nyos

Mu a nan Kwatano ko tudun kirki ba mu da shi. Daga Zango har Dantokpa rairayi ne da ruwa. Shi ya sa ranar da Malam ya ce akwai dutsen da ke aman wuta, wasunmu suka ɗauka tatsuniya ce. Muka nemi izini mu bincika, ga abin da muka samo.

Can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse, zafin da kan haura digiri 1,000. Cikin narkakken dutsen nan akwai iska a matse: tururin ruwa, iskar kabon, da hayaƙin farar wuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar talge ya san yadda take yi, ta kumbura, ta fashe, ta fantso maka a hannu. To haka ƙasa take yi idan ta samu tsaga. In narkakken dutsen ya yi ruwa-ruwa, iskar ta fice salin-alin, shi kuma ya malalo kamar kunu. In ya yi kauri, iskar ta rasa hanya, sai dutsen ya tarwatse da toka. Irin na biyun ne ya faru a Tambora ta Indonesiya a 1815, inda tokar ta kare hasken rana har amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka a shekara mai zuwa.

Abin da ya fi ba mu mamaki, ashe labarin yana cikin littattafanmu. A watan Jimada Sani na shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina kwanaki a jere, sannan wuta ta ɓullo daga kudu maso gabashin garin. Narkakken dutse ya yi ta gudu kamar kogi, tsawon kusan kilomita 23, har kwana 52. Mutane suka taru a Masallacin Annabi (SAW) suna tuba, kuma Allah ya tsayar da shi bai shiga gari ba. Imam Nawawi, wanda muke haddace Arba'una ɗinsa, yana raye a lokacin, ya kuma ambaci wutar a sharhinsa na Sahih Muslim. Baƙaƙen duwatsun da alhazanmu ke gani a kewayen Madina, waɗanda Larabawa ke kira harra, narkakken dutse ne da ya sandare.

Mu dawo kusa da gida. Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya wuce mita 4,000, yana nan da ransa. A 1999 amansa ya gangaro har ya datse titin bakin teku a yamma da Limbe. Shi ɗaya ne daga jerin duwatsun da suka taso daga tsibiran Sawo Tome da Biyoko suka nausa cikin ƙasa. Tsaunukan Biu na Jihar Borno ma tsoffin masu aman wuta ne da suka yi shiru.

A cikin wannan jeri ne Tafkin Nyos yake, a arewa maso yammacin Kamaru. Ruwa ne da ya taru a bakin wani tsohon dutse, zurfinsa kusan mita 200. Dutsen ya daina aman wuta, amma bai daina sakin iskar kabon ba, ita kuwa ta yi ta narkewa a ruwan ƙasan tafkin shekara da shekaru, nauyin ruwan sama ya danne ta. Kamar dai kwalbar Youki da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 murfin ya buɗe.

Babu wuta, babu toka. Iskar kabon ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ta tashi sama ba, sai ta bi kwari tana gangarawa kamar ruwa, har wajen kilomita 25. Ta shiga ƙauyukan Nyos, Cha da Subum mutane na shirin kwanciya. Sama da mutum 1,700 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, yawancinsu shanun Fulani makiyaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasu sun suma ne, suka farka bayan sa'o'i suka tarar gida ba mai motsi, ga ɗakuna da bishiyoyi tsaye lafiya ƙalau. Waɗanda ke kan tudu da yawa sun tsira. Irin wannan iskar ce ke taruwa a tsohuwar rijiya, shi ya sa masu yasa kan fara zura fitila: in ta mutu, ba mai shiga.

A ganinmu abin takaicin shi ne an samu gargaɗi. Shekara biyu kafin nan, a 1984, Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya yi irin wannan ya kashe mutum 37, amma ba a gane hatsarin da wuri ba. Sai a 2001 aka kafa dogon bututu a Nyos, aka ƙara biyu a 2011. Ruwan ƙasan tafkin yana hawowa ta ciki da ƙarfin iskarsa, ba tare da inji ba, ya yi tsiri sama, iskar ta baje kaɗan-kaɗan dare da rana.