Taimaka wa Yara Masu Lalurar Rashin Natsuwa a Makaranta

Wasu yara ba sa iya zama wuri ɗaya a aji, hankalinsu na saurin ɗaukewa. Idan hakan ya kai wata 6, a gida da makaranta, mai yiwuwa lalurar ƙwaƙwalwa ce da likitoci ke kira ADHD. Ba iskoki ba ne, kuma bulala ba ta maganinta.

Ana shawartar malamai su zaunar da yaron a gaban aji nesa da taga, su rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan, su sa shi goge allo, su yaba masa in ya ƙoƙarta.

Iyaye su kai shi asibiti, kada su cire shi daga makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun kowane yaro har ƙaramar sakandare.